Darasi na 7: Sauraron hasashen yanayi da kaka, da rubuta lissafin ruwan wata

Iyayena da yayyena 'yan aji, barkanmu da war haka. Darasin yau na kaka ne, wato daga wajen tsakiyar Satumba har zuwa Nuwamba, lokacin da an yanke gero ana ɗaure dammuna, gyaɗa da wake suna jiran hannu, dawa kuma tana tsaye bata gama nuna ba. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka sauraron labarin yanayi aikin farkon damina ne, a ji yaushe ruwa zai sauka a yi shuka, da zarar an ga amfani ya yi kyau shikenan sai a daina kula. To ni dai a ganina an fi tafka asara a ƙarshe, don wanda shukarsa ta ƙone a watan Yuni zai iya sake shuka, amma wanda ruwan Oktoba ya daki waken da ya shanya ba shi da wani waken sai baɗi, ga kuɗin taki da na feshi da na 'yan ƙwadago duk sun riga sun shige.

Abu biyu ne, kar a haɗa su

Akwai hasashe, akwai kuma lissafin abinda ya wuce. Hasashe shine idan mai rediyo yace gobe ana sa ran hadari da tsawa da yamma a sassan Kano da Jigawa da Bauchi. Lissafin wata kuma shine idan wata ya ƙare aka zauna aka tara, ruwa nawa ya sauka a Satumba, kwana nawa aka yi ruwa, kwana nawa aka yi a jere ba ɗigo, zafi ya kai ina. Na farko zai iya saɓawa, na biyu kuwa ya riga ya faru, sai dai in an auna ba daidai ba.

A Najeriya hukumar da ke wannan aiki ita ce NiMet. Duk shekara wajen watan Janairu ko Fabrairu take fitar da babban hasashen damina, inda take faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha, lokacin ɗaukewarsa, tsawon daminar da yawan ruwan, har ana fassara shi da Hausa. Bayan wannan akwai na kullum, mai faɗin yau da gobe da jibi, wanda shine ya fi mana amfani da kaka. A Nijar hukumar yanayi ta ƙasa ce ke yi, 'yan Maraɗi da Damagaram sun san yadda ake karanto milimita, wato awon ruwan da ya sauka, na gari-gari a rediyo washegarin ruwa, kuma a Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban farin 1973, tana bin damina a ƙasashen Sahel gaba ɗaya. Ma'aikatan nan suna yawan kasa wata kashi uku, kwana goma-goma, don haka in kaji ance goman farko na Oktoba, ana nufin daga 1 zuwa 10 ga wata kenan.

Nasan akwai masu cewa wannan ai shiga ilimin gaibu ne. Baba, ba haka bane. Kai da kanka in ka fito da la'asar kaga gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak, zufa na karyo maka, zaka ce wa yara su kwashe shanya, kuma ba wanda zai ce ka yi duba. Su ma alamu suke karantawa, sai dai nasu da na'ura ne da tauraron ɗan adam, suna hango hadarin tun yana can wajen Chadi kafin ya iso mana, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Kakanninmu ma suna da nasu lissafin na taurari, kowane tauraro kamar kwana 13, su Nasara da Ɗarfa da Jabha a cikin damina, in Sarfa ta shigo a ce kaka ta kama. Saukar da ruwa kam na Allah ne, wannan ba mai musu.

Kalmar da ta fi rikita mutane ita ce kashi cikin ɗari. In wayarka ta nuna 70%, karanta shi kashi 70 cikin 100. Ba wai ana nufin za a yi ruwa mai yawa bane, ana nufin in aka samu rana goma masu irin wannan yanayin, bakwai daga ciki ana ruwa, uku ba a yi. To kaga in an ce 70% kuma ba a yi ruwan ba, ba ƙarya suka yi ba, ɗaya daga cikin ukun nan aka faɗa. In kuma an ce 20% kar ka saki jiki gaba ɗaya in kana da gyaɗa a ƙasa, musamman ruwan ƙarshen damina da yake zaɓe, ya jiƙa wannan unguwa ya bar ta gaba da ita ƙura na tashi.

Sai kalmar "yadda aka saba". In sun ce ruwan watan nan ya fi yadda aka saba, ko ya gaza, ba da bara kaɗai suke gwadawa ba, da matsakaicin shekara 30 suke gwadawa, yanzu ana amfani da na 1991 zuwa 2020. Kuma kowane gari da nasa. Damagaram kamar milimita 400 take samu a shekara, Yamai tsakanin 500 da 600, Kaduna kuwa sama da 1000, saboda haka ruwan da za a kira ƙaranci a Kaduna a Damagaram ambaliya ce. Ɗaukewar ruwan ma haka, can arewa wajen Sakkwato da Katsina da Nguru yakan ɗauke ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kudancin Kaduna da Abuja kuwa yana kaiwa ƙarshen Oktoba.

Gwangwani da rula

Nan ne zuciyar darasin, dan Allah a natsu. Tashar auna ruwa ta gwamnati yawanci tana filin jirgi ko babban gari, ƙauyenka kuwa zai iya yin nisan kilomita 50 ko fiye daga wurin, to abinda suka rubuta ba lallai ya zama abinda ya sauka a gonarka ba. Shi yasa nake son kowa a ajin nan ya mallaki nasa ma'aunin, kuma ba sai an kashe ko sisi ba.

Nemi gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, irin babban na tumatir ko na madarar gari, a yanke murfin tas kar a bar baki a lanƙwashe. Bokiti ko kwano ba zai yi ba, don bakinsu ya fi gindi faɗi, zasu nuna maka ruwa fiye da wanda ya sauka. Ka kafa turke a fili, tsawonsa kamar zuwa ƙugu, ka ɗaure gwangwanin a kai ya zauna daram ba karkace ba. Ya yi nesa da bishiya da katanga da indararo, in bishiyar tsawonta taku goma ne to ka matsa taku ashirin. Turken kuma saboda kaji da awaki ne, in ka ajiye a ƙasa kafin ka fito sun shanye maka lissafi.

Kullum da safe lokaci ɗaya, a ce bayan an dawo daga masallaci gari ya waye, sai ka je ka duba. Kar ka tsoma rular kai tsaye, don in ka lura yawancin rula akwai ɗan fili a bakinta kafin a zo kan sifiri, wannan ɗan filin zai cinye maka milimita uku ko huɗu. Samu busasshen tsinke miƙaƙƙe ka tsoma shi tsaye har ya taɓa gindi, ka ciro, zaka ga inda ya jiƙe ya yi duhu, sai ka kwantar da shi jikin rular daga kan sifiri ka ƙirga. Manyan lambobin nan 1, 2, 3 santimita ne, ƙananan layukan da ke tsakaninsu guda goma-goma su ne milimita. In jiƙon ya wuce 2 da ƙananan layi biyar, ruwan jiya milimita 25 kenan. Rubuta, sannan ka zubar da ruwan ka mayar da gwangwanin.

Milimita ɗaya kamar ba komai ba ko? To lissafa. Milimita 1 na nufin lita ɗaya a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi. Hekta ɗaya tana da irin wannan filin 10,000, wato lita 10,000, in ka zuba a duro mai lita 200 duro 50 kenan. Ruwan milimita 25 a gonar hekta ɗaya duro 1,250 ne.

A littafinka na eksasais ka ware shafi ɗaya ga kowane wata. Layi na farko kwanan wata daga 1 har ƙarshe, na biyu milimita, na uku abinda ka gani da idonka a taƙaice: iska ta kwantar da dawa, raɓa mai yawa, hazo ya fara, kogi ya cika. Ranar da ba ruwa ka sa 0, kar ka bar wurin fayau, don nan da wata shida ba zaka tuna ba ko ba a yi ruwa bane ko mantawa kayi. Ƙarshen wata sai ka tara, kamar dai yadda mai shago ke zama da littafinsa ya ga me ya shigo me ya fita. Shekarar farko littafin ba zai gaya maka abu mai yawa ba, gaskiya ce, amma in ya kai shekara uku huɗu zaka fara ganin ranar da ruwan ƙarshe ya saba sauka a garinku, daga nan ne zaka san ko irin waken da kake shukawa yana nuna da wuri har ruwa ya riske shi, ko dawarka mai dogon kwana ce ruwa na ɗauke mata tun bata cika ido ba. Iyayena mata, wannan aikin ku kun fi mu iya riƙe shi, tunda shanya da sussuka da adana hatsi a hannunku suke, kuma ga shi kullum hannu na sabawa da rubuta lamba.

Shanya

Kafin ka tuge gyaɗa ko ka roro wake mai yawa, saurari hasashen kwana uku. In ana maganar hadari jibi, gara ka jinkirta ko ka ɗebi iya wanda zaka iya rufewa da tamfol. Gyaɗa da masara in suka sha damshi bayan girbi suna yin fumfuna, kuma wata fumfunar tana haifar da guba da ake kira afulatoksin, mai lalata hanta tana tsumburar da yara, dahuwa bata kashe ta, ƙuli-ƙuli ma ba ya tsira. Kar a shanya a kan ƙasa tsirara, a shimfiɗa tamfol ko tabarma, da yamma a tattara a rufe ko da sama tas take, don raɓar Oktoba kaɗai ta isa ta mayar da aikin yini baya.

Yadda zaka gane ta bushe: gyaɗa ka ɗebo cikin hannu ka girgiza kusa da kunne, in tana kacau-kacau ƙwayar na motsi cikin ɓawo to ta yi. Masara ka ciza, in ta fashe ƙaras ta bushe, in haƙori ya nutse da saura. Akwai kuma gwajin gishiri. Samu kwalba busasshiya sarai, ka zuba hatsin kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe, ka rufe ka girgiza sosai, ka ajiye kamar minti 15 ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar hatsin nan bai isa shiga buhu ba, a mayar da shi rana.

Masu gona a bakin kogi da fadama, ku naku sauraron daban ne. Ruwa zai iya ɗaukewa a garinku amma kogi ya ci gaba da cika, saboda ruwan da ya sauka can wajen da kogin ya taso yana tafe. Ranar 10 ga Satumba 2024 ne madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, ambaliyar 2022 kuma da ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, a Satumba da Oktoba ta fi tsanani. Hukumar NIHSA ce mai lura da koguna, in kunji sanarwarta ko ta NEMA, hukumar agajin gaggawa, cewa a tashi daga bakin ruwa, dan girman Allah a tashi, a fara kwashe tsofaffi da yara da hatsi.

Daga nan sai zafin agazari, sauro ya yi yawa zazzaɓi ya yi yawa, a ci gaba da kwana cikin gidan sauro. Wajen Nuwamba iska ta juya ta fara zuwa daga arewa maso gabas, hunturu kenan, ƙurar da take kawowa mafi yawanta daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele. In kaji mai rediyo yace hazo zai rage gani zuwa mita 1,000, yana nufin abinda ya wuce kilomita ɗaya ba zaka hango shi ba, direbobi da masu asma su kula. Ranar da ka fara ganin hazon ita ma ka rubuta ta a layi na uku.

Aikin gida

A ce wani manomi ya auna ruwa sau biyar a Satumba, ya samu 12 da 25 da 8 da 30 da 5. Tara masa jimlar watan. Satumba kwana 30 ne, to kwana nawa zai rubuta 0? In gonarsa hekta ɗaya ce, ranar da aka yi milimita 8 duro nawa ya sauka mata?

Sannan ka kwafi wannan jimlar sau uku da hannunka: "Yau an yi ruwa milimita goma, na rufe gyaɗa da tamfol."

Mako mai zuwa kowa ya zo da gwangwaninsa da tsinke da rula, wanda bashi da rula ya ari ta ɗansa ko jikansa na makaranta. Zamu zuba ruwa a tsakar aji kowa ya auna ya faɗi lambar da ya samu da bakinsa, sannan mu ja layukan shafin Oktoba tare.