Yadda Za Ka Gane Koren Ƙadangare Mai Ƙaya a Dazukan Amurka ta Tsakiya

Wanda ke son ganin ƙadangaren da masana ke kira Sceloporus malachiticus, sunan da masanin dabbobi Edward Cope ya raɗa masa a 1864, sai ya nufi dazukan kan tsaunuka na Honduras, Nikaragua, Kosta Rika ko Panama, domin ya fi zama a tudu mai sanyi, ba a kwari mai zafi ba.

Ka yi sammako, ka isa kafin hantsi ya dubi ludayi. Ka nemi bakin daji inda rana ke fara sauka a kan kututture, faɗaɗɗen icce ko turakun shinge, ka tsaya nesa kaɗan da madubin hangen nesa. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin suna neman abu kore shar, alhali da sassafe jikinsa duhu yake yi don ya fi saurin ɗaukar ɗumi. Sai ya sha hantsi sosai sannan launin ya buɗe, har ka rantse ba shi ne ka gani ɗazu ba.

Idan ya natsu, ka duba fatarsa. Kowane ɓawo yana da tudu a tsakiya wanda ya ƙare da tsini, shi ya sa yake kama da mai ƙaya. Tsawonsa har wutsiya bai cika wuce santimita 20 ba. Namiji kore ne mai sheƙi, da shuɗi a maƙogwaro da gefen ciki, kuma za ka ga yana ɗaga ƙirji yana saukewa don ya nuna wa abokan hamayya wannan shuɗin. Mace ba ta kai shi haske ba, kuma tana da ɗigo-ɗigo masu duhu a baya.

Abin da ya fi burge ni shi ne macen ba ta saka ƙwai, haihuwa take yi. Masana na danganta hakan da sanyin tsauni, inda ƙasa ba ta da ɗumin ƙyanƙyasa, don haka uwa ke bin rana da 'ya'yan a cikinta.

Ka rubuta lokaci, tsayin inda ya hau da irin ƙwaron da ya cafke. Amma don Allah kada ka kai masa hannu, domin yana iya tsinke wutsiyarsa ya zagaya bayan kututture, kuma wadda za ta sake tsirowa ba za ta yi kamar ta farko ba.