Yadda Ake Kamun Kifin Tirawut a Kogunan Sukotlan Lokacin Sanyi

A Sukotlan ana buɗe kamun tirawut ranar 15 ga Maris. Fara da neman takardar izini daga masu kula da kogin.

Kada ka yi sammako. Ruwa na da sanyi ƙarara, kifin kuma kwance yake a ƙasa, ba ya son motsi. Bari sai rana ta take.

Ɗaura ƙugiya mai siffar tsutsar ƙwaro, wadda aka naɗa wa gashin tsuntsu da ɗan nauyi don ta nutse. Jefa ta sama da inda kake tsaye, ka bar ruwa ya gangaro da ita da kansa. Idonka a kan zaren: da ya tsaya ko ya ɗan karkace, ɗaga sandar fatsa a hankali.

In ka kama kifin kuma za ka sake shi, jiƙa hannunka tukuna, don busasshen hannu na goge santsin da ke kare fatarsa.