Yadda Mai Bi Zai Bambanta Faɗakarwar Ruhu da Zargin Magabci

Ba kowane nauyin zuciya ne yake fitowa daga wurin Allah ba. Yesu ya faɗa a Yahaya 16:8 cewa Ruhu Mai Tsarki zai faɗakar da duniya a kan zunubi, Wahayin Yahaya 12:10 kuwa ya nuna akwai mai ƙara, wato magabci Shaiɗan, wanda yake zargin 'yan'uwa dare da rana a gaban Allah. Dukansu suna maganar laifi, dukansu suna iya hana mutum barci, saboda haka zafin abin ba shi ne ma'auni ba.

Ka fara da neman sunan laifin. Sa'ad da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda, bai tsaya kewaye-kewaye ba bayan ya gama ba shi misalin mai arzikin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Ya ce masa shi ne mutumin, ya kuma ambaci kisan Uriya da ɗauke matarsa (2 Sama'ila 12). Zargi kuwa ya fi son maganar dunƙule: kai munafuki ne, ba za ka taɓa canjawa ba, Allah ya gaji da kai. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka aikata a jimla ɗaya, da wanda ka yi wa. Idan ka rasa abin rubutawa sai baƙar magana a kan kanka, to ka yi shakkar wannan muryar.

Amma wannan gwaji kaɗai bai isa ba, domin Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, shi ma ya san laifinsa sarai. Ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi, ya furta da bakinsa cewa ya ba da marar laifi, sai dai wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, su kuwa suka ce ina ruwansu, ya fita ya rataye kansa (Matiyu 27:3-5). Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3, ya yi kuka mai zafi, amma bayan tashin Yesu daga matattu, da ya ji an ce Ubangiji ne a bakin teku, sai ya ɗaura rigarsa ya faɗa ruwa don ya isa wurinsa (Yahaya 21:7). A ganina, nan ne babbar alamar take: ka lura da inda nauyin yake tura ka. Idan yana kai ka ga durƙusawa da neman gafara, irin baƙin cikin nan ne da Bulus ya ce yana haifar da tuba (2 Korintiyawa 7:10). Idan kuwa yana sa ka rufe Littafi Mai Tsarki, ka daina addu'a, ka guje wa taron masu bi da sunan ba ka cancanta ba, ba aikin Ruhu ba ne.

Da ka gane laifin, ka furta shi ga Allah ba tare da ƙawata shi ba, ka dogara ga alkawarin 1 Yahaya 1:9 cewa in mun furta zunubanmu zai gafarta mana. Sa'an nan ka duba ko akwai hakkin wani a hannunka, gama sau da yawa abin da mutum yake kira harin Shaiɗan bashi ne da ya ƙi biya, ko ƙaryar da bai warware ba. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga nadama ba, ya yi alkawarin mayar da ninki 4 ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). Romawa 8:1 ta tabbatar ba sauran hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu, amma kuskure ne a mai da ayar abin toshe kunne ga tsautawa. Lokacin da ya dace ka amsa da ita shi ne sa'ad da tsohon laifin da ka riga ka furta, ka kuma gyara, ya dawo yana neman sabuwar shari'a.

Idan nauyin ya ƙi sauka duk da haka, kada ka riƙe shi kai kaɗai. Ka buɗe zuciyarka ga fasto ko wani dattijo cikin bangaskiya mai riƙe asiri, ku yi addu'a tare kamar yadda Yakubu 5:16 ya umarta. In har ya kai ga rashin barci na makonni, da ƙin abinci, ko tunanin kashe kai, ka ga likita ba tare da jinkiri ba, ka kuma sanar da wani na kusa da kai a ranar.