Yadda Muke Jera Kaya A Sito Don Kada Ya Rufto Wa Mutum

Buhun masara kilo 100 ne. In ya zamo daga sahu na goma ya sauka a wuyan ɗan dako, karaya ce ko abin da ya fi ta. Shi ya sa a sitonmu da ke Dawanau ba na barin sabon yaro ya ɗora ko buhu ɗaya sai ya tsaya ya ga yadda ake yi.

Daga ƙasa ake farawa. Kada buhu ko kwali ya taɓa siminti, a shimfiɗa katako tukuna, domin da damina danshi ta ƙasa yake tasowa. Katakon da ya tsage a fitar da shi. A bar kamar mita ɗaya tsakanin kaya da bango, yadda mutum zai zagaya ya duba ɓera da ƙwari, tamfol ma ya rufu da kyau ranar da za a sa wa kayan maganin ƙwari.

Jerin buhu shi ne inda aka fi ganganci. Ka kwantar da uku a jere, biyu a gicciye, sahu na gaba kuma ka juya, kowane buhu ya danne mahaɗar na ƙasansa. Bakin ɗinki ya kalli ciki. Kana hawa kana ɗan jan sahu ciki, kamar yadda aka gina dalar gyada a Kano. Buhun leda yana da santsi, kada ka kai shi tsayin da za ka kai algarara, ko da maigida yana kukan wuri ya yi kaɗan.

Kwali daban ne. Ƙarfinsa a kusurwa yake, don haka kusurwa kan kusurwa, mai nauyi a ƙasa. Wanda ya jiƙe ko ya lotse ba ya ɗaukar komai a kansa.

Jarkar mai lita 25 da duro a tsaye, murfi a sama, da katako tsakanin sahu da sahu. Jarka ta sha zafi takan yi laushi, ta ƙasa ta fara kumburi.

Wajen saukewa, daga sama ake ɗauka, sahu-sahu. Wanda na gani yana zaro buhu daga tsakiya, nan take nake tsayar da aikin. In jeri ya karkata, kada a tokare shi da sanda: kowa ya matsa, a sauke, a sake jerawa.