Yadda za ka gyara haruffa masu kauri su yi sumul a Blender

Wani ƙanena mai zana allunan shaguna a wajen Wunti ya nuna min "BAUCHI" da ya yi a Blender, manhajar zanen 3D ta kwamfuta. Harafin C ya fito gaɓa-gaɓa kamar rake.

Da farko, kada ka yi gaggawar mayar da rubutun Mesh (wato siffar da aka gina da ɗigogi da layuka da fuskoki, ba rubutu ba kuma). Nan yawancinmu ke yin kuskure, domin da zarar ka mayar, saitunan da ke tafe sun ɓace. Zaɓi rubutun, danna alamar koren "a" a sashen Properties, ƙarƙashin Shape ka ɗaga Resolution Preview U daga 12 zuwa 24. Lanƙwasar C da U za ta yi sumul nan take. Kada ka zarce haka sosai, ƙaramar kwamfuta sai ta fara nauyi.

Sai Geometry: ba shi kauri da Extrude, sannan Bevel, Depth kaɗan, kamar 0.02. Wannan ɗan zagaye bakin haruffan shi ke kama haske, ni ba na tsallake shi ko kusa.

Yanzu ka mayar da shi Mesh, danna Tab, A, M, ka zaɓi By Distance. Fito da Tab, danna maɓallin dama na linzami, Shade Auto Smooth, kusurwa 30.

Subdivision Surface kuwa, wanda aka saba amfani da shi don sa siffa ta yi sumul, bar shi. Fuskar haruffan yamutsewa take yi.