Yadda nake daidaita birkin hawa a tsohuwar Subaru

Tsohuwar Legacy ɗina mai giyar hannu tana da wani bawul kusa da tukunyar man birki, Subaru na kiransa Hill Holder. In ka taka birki da kuloci a kan hawa, wani ɗan ƙwallo a ciki ya gangaro ya toshe hanyar man birkin, sai motar ta tsaya cak ko ka ɗage ƙafa daga birki, muddin kana take da kuloci. Waya ce ta haɗa bawul ɗin da hannun kuloci.

Fara daidaita wasan kulocin, in ba haka ba wahalar banza za ka sha. Sannan nemi tudu marar cunkoso. Ni bayan unguwarmu a Jos nake zuwa.

In motar na zamewa baya kafin kuloci ya kama, buɗe bonet, sassauta notin kulle a ƙarshen wayar, ka ƙara ɗaure na daidaitawa. In kuwa birki na riƙewa har inji ya nemi mutuwa, sassauta na daidaitawar. Rabin juyi kawai, ka gwada, ka sake. Na taɓa yin gaggawa na ɗaure da yawa, na dawo gida taya na ƙauri. In motar ta tashi sumul, ɗaure notin kulle.