Daren hunturu a Injamena: fita ka ji makaɗan gari

Ɗan'uwa, idan ka sauka Injamena, babban birnin Chadi, tsakanin Disamba da Fabrairu, ka zo a kan gaɓa. Waɗannan ne watannin da mutum zai zauna a fili da dare bai jiƙe da gumi ba, don da Maris ya kama zafin garin nan haura digiri 40 yake yi. Shi ya sa abin yake damuna in na ga ƙannenmu da suka zo daga Kano ko Damagaram sun kulle ɗaki bayan Isha'i, suna ta latsa waya suna jin waƙoƙin gida. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko, kuma kewa ba ta ragu ba sai da na fara fita.

Na san abin da ke hana mutane: ana ganin duk inda ake kiɗa mashaya ce. Gaskiya a unguwanni irin su Moursal da Kabalaye akwai wuraren da kiɗa da giya suke tafiya tare, wanda ransa bai kwanta ba kada ya tilasta wa kansa. Amma akwai cibiyar al'adun Faransa, akwai cibiyar al'adu ta Al-Mouna, akwai gidan al'adu na Baba Moustapha. A nan kujera za ka samu ka zauna cikin mutunci, har da masu iyali. Sai kuma bikin Dary da aka fara a 2018, wanda yakan faɗo ƙarshen shekara, lardunan ƙasar kowanne ya kawo kiɗansa da rawarsa. Baƙon da ke son ya ga Chadi a wuri ɗaya, ya fara da nan.

Abin da za ka ji zai ba ka mamaki. Idan Kanembu suka busa algaita ganga na amsawa, wallahi sai ka rantse a Barno kake. Can kuma sai mutanen Sara na kudu su hau da balafon, wato jerin katako da ake bugawa, da ƙorai a ƙarƙashinsa suna ƙara masa amo. Masu jita kuwa, salon Kwango ya daɗe a hannunsu, tun zamanin ƙungiyar Chari Jazz da aka kafa a 1964. Yawancin waƙoƙin da Larabcin Chadi ake yin su, ko Faransanci, ko harsunan kudu. Kada rashin jin yaren ya sa ka ja da baya. Larabcin da nake ciniki da shi yau, rabinsa a bakin mawaƙa na tsince shi, ina tambayar na kusa da ni me aka ce.

Sanyin nan fa ba na rainawa ba ne. Da yamma za ka ga kamar ba komai, can dare iska ta taso daga hamada da ƙura a cikinta. Tafi da rigar sanyi da abin rufe hanci, ka shafa man kaɗanya a leɓe. Shayi ba ya yankewa, zoɓo kuma karkanji suke ce masa.

Ka riƙe ƙananan kuɗi saboda liƙi, ka kuma kula da lissafi: riyal ɗaya sefa 5 ne, daidai da dalar mutanen Nijar, don haka in an ce maka riyal 100, sefa 500 ake nufi. Ɗan acaɓa a nan kalando ne sunansa. Samu wanda maƙwabta suka sani, ku yanke kuɗin dawowa tun kafin ku tashi. Takardunka su kasance a aljihu domin jami'an tsaro sukan tare hanya da dare, kuma kada ka kuskura ka ɗaga waya don hoto a kusa da fadar shugaban ƙasa.

'Yar'uwa, ke ma wurin naki ne, ku dai haɗu ku biyu ko uku, ku zaɓi wasan da ake farawa da wuri.